Ba Yawun Babana Ba Ne a Kwalbar

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana. Masu zagi kuma ku bari sai kun kai ƙarshe.

Mutanen unguwarmu a Gashuwa sun kasu biyu. Wasu na cewa na'urar Dakta ƙarya take yi, ta zo ne ta raba gidaje. Wasu kuma, ƙasa-ƙasa, cewa suke Innarmu ce ke da abin ɓoyewa. Duka sun yi kuskure. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, Inna kuma ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da izini. Ni ce.

Dakta masaniyar ƙwayoyin gado ce, ta zo binciken ciwon ƙodar da ke cin mutanenmu, tana son gane ko a jini ake gadonsa ko daga ruwa da abinci ne. Tana aiki da abokanta na Kano da na Turai. Ta ɗauke ni tafinta saboda ina jin Badanci da Barbarci. Gidanmu ma ya shiga, don yayana yana wankin ƙoda. Abin da ake so bai taka kara ya karya ba, kowa ya tofa yawu a 'yar kwalba. Inna ta tofa, mu ma muka tofa. Baba ya ce shi da furfurarsa ba zai tofa yawu 'yarsa ta ɗauka a kai wa Turawa ba. Na lallaɓa, ya ce in ɓace masa da gani. Ga direban Dakta yana ta hon, za a kai kwalaben Nguru inda firij yake. Ni kuma ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Sai na fita wurin tsohon da ke faci a ƙofar gidanmu na ce ya taimaka. Ya yi dariya ya ce yau har yawunsa ya yi daraja, ya tofa. A raina cewa na yi sa'an Baba ne, famfo ɗaya suke sha, to mene ne bambancin? Wallahi iya tunanina ke nan.

Da sakamako ya dawo, Dakta ta kira ni cikin mota ta ce kwalbar mahaifinmu ba ta haɗu da ta ko ɗayanmu ba. Ta ce irin haka yawanci musanya ce, in tuna da kyau. Ta ba ni ƙofa a buɗe, kun gani? Ni kuwa na ji tsoron kora, na rantse da hannuna na karɓa daga bakin Baba. Sai ta ce, "To ko riƙonku yake yi?" Na ce a'a. Ashe direba na tsaye jikin taga.

Shi ya kai maganar tasha, daga tasha ta shiga kasuwa, daga kasuwa ta kai kunnen Goggo, ƙanwar Baba. Ta zo ta zauna a tsakar gida tana ƙare wa hancinmu da kunnuwanmu kallo ɗaya bayan ɗaya. Baba ya daina cin tuwon Inna, daga gidan Goggo ake kawo masa. Gidajen da suka yi alkawarin ba da yawu sun fasa, har na Jajimaji. Jiya Inna tana tankaɗe ta ce min, "Ke da kike aiki da su, faɗa min, me na yi wa Daktar nan?" Na ce ban sani ba. Wace irin 'ya ce ke kallon uwarta ta faɗi haka?

Na yanke shawara. Ranar Juma'a in Baba ya sauko daga masallaci zan kira Goggo, in kira mai faci, in faɗa a gabansu, in kuma roƙi Baba ya tofa nasa a sake aunawa. Dakta ma zan same ta a Nguru, ta kore ni in ta ga dama. Abin da ke hana ni barci ɗaya ne. In Baba ya sake cewa ba zai tofa ba, mutane za su ce na ɗauki laifi ne don in rufa wa uwata asiri. In ya ƙi, me zan yi?