Bakin Zanen da Ban Kama Miki Ba

Zuwa ga Rabi, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, na san wannan takarda ba za ta iso ki ba, kuma ba za ki karanta ta ba. Da kina raye ma dariya za ki yi, don shekara ashirin da shida muna tare ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba. Amma tambayoyi sun taru mini, kuma ke kaɗai kika san amsarsu.

Bari in fara da labarin gida. Damina ta yi kyau bana, gero ya fi mutum tsawo a gonarmu ta Araba. Motocina biyu suna kan hanya lafiya. Ɗiyarmu Saudatu cikinta ya shiga wata na takwas, ta ce in mace ce sunanki za a sa. Inna tana nan yadda kika bar ta, ɓarin jikin bai tashi ba, sai dai ruɗewa ta ƙaru. Wata rana ta san kin rasu, ta yi kuka. Wata rana kuma ta tambaye ni ina kika shiga tun safe.

Rabi, mi ya sa ba ki taɓa gaya mini zannuwan gado nawa Inna ke ɓatawa a rana ba? Huɗu ne. Wata rana biyar. Shekara biyar ina cikin gidan nan, uwata ce ke kwance, amma ban san wannan ba sai da kika tafi.

Ƙanwata Kulu ta zauna da mu har sadakar arba'in, sannan noma ya kira ta gida. Saudatu na zuwa daga Amarawa kullum da safe ta yi wa Inna wanka, amma asibiti sun hana ta aiki mai nauyi. Na ce a kawo mai wankau. Inna ta fashe da kuka, ta ce gara a kwantar da ita a kan tabarma tsurarta da baƙon ido ya ga shimfiɗarta. To, wa ya rage? Ni. Na kulle ƙofar zaure bayan sallar asuba, na naɗe hannun riga.

Kin san ni. Da baro na fara a kasuwar Illela, buhun albasa a kafaɗar nan na ɗauka kafin in zama mai mota, ba wanda ya ba ni ko sisi na gado. Na ce zane kuma har wani abu ne? Wankin bai dame ni ba. Matsar ce ta kunyata ni. In murɗa nan, can ya kwance. In shanya, ruwa na ɗiga kamar ban taɓa shi ba. Ga hadari kullum, rana ba ta leƙowa. Abin da na shanya da safe har la'asar da danshinsa. Sau biyu, Allah ya gafarta mini, na shimfiɗa mata mai sanyi-sanyi don babu busasshe.

Cikin sati biyu gyambo ya buɗe mata a ƙugu, faɗinsa kamar kwabo. Malamar asibiti da ta zo dubawa ba ta ji nauyina ba duk da ni Alhaji ne. Ta ce a riƙa juya ta, kuma kada fatarta ta sake kwana a kan danshi, in ba haka ba ciwon zai ci har ƙashi. Shekara biyar a hannunki ko ja fatar Inna ba ta taɓa yi ba. Ta yaya kika yi? Damina biyar fa, Rabi.

Malamar ce ta ce akwai injin da aikinsa matse kaya kawai. Na tafi Sakkwato. A shagon da na shiga, idona ya fara sauka a kan wani ƙato mai gilashi a gaba, wanda ke wanki da kansa. Ba zan ɓoye miki ba, na ga yadda zai zauna a tsakar gida baƙi su gani. Mai shago ya nuna mini wani kuma mai busarwa da iska mai zafi. Sai na tuna wutarmu da sai ta ga dama take zuwa, na tambaye shi ko solarmu za ta ja su. Ya sosa ƙeya ya ce da wuya. Akwai mai baki biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, amma bakin matsar ƙarami ne, zane ɗaya ya cika shi. Can lungu na hango wanda malamar ta faɗa. Tsayinsa bai kai ƙuguna ba, kamar randa mai murfi, da ɗan hanci a ƙasa inda ruwa ke fita. Ba ya wanki, ba ya zafi, kuma wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba.

Ni ban taɓa sayen buhun albasa ban zura hannu har ƙasansa ba. Jiƙaƙƙen zanen gadona na ɗauko daga gida a leda, na ce a gwada a gabana. Masu shagon suna ta murmushi, ban kula su ba. Na leƙa ciki, na zaɓi mai tukunyar ƙarfe na bar mai roba. Na girgiza shi in ji ƙafafunsa, na tabbatar in an taɓa murfi yana tsayawa, saboda jikokin da ke tafe. Na tambayi kilo nawa yake ɗauka, aka ce shida. Na yi tayi yadda kika san ina yi, na ɗora shi a mota.

Ranar farko ya kusa ba ni kunya. Na cusa zannuwa uku yadda suka zo hannuna, na rufe. Sai ya kama rawa, yana bugun kansa, yana tafiya da ƙafarsa ya nufi rariya. Inna na ta tambaya daga ɗaki wa ke daka da sassafe haka. Na kashe na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ya san in aka jibga lodi gefe ɗaya mota faɗuwa take, ya za a yi wannan ya wuce masa? Sai na tuno yadda nake ganin wankinki a roba, kowane zane a naɗe kamar gammo, ɗaya bisa ɗaya. Na naɗa su haka, na danna su ƙasa, mai nauyi a gindi. Ya tashi sumul, sai wata 'yar ƙara kamar fanka. Ke wa ya koya miki naɗin nan? Uwarki? Ko hannu ne ya gano da kansa?

Abin da har yau bai bar ni ba shi ne ruwan. Na matse zane da duk ƙarfina har jijiyar wuyana ta tashi, sannan na sa shi ciki na tara kwano a hancin. Minti huɗu, kwanon sha ya cika. A ina ruwan ke ɓoye? Da ya tsaya na zura kai na duba. Babu hannu a ciki, babu abin da ke danna komai, tukunya ce kawai mai ƙananan huji tana juyawa. Na daɗe ina tunani kafin na tuna yadda tayar mota ke watsa ruwa in ta bi ta kududdufi. Gudu ne ke korar ruwan, zane ya manne a bango, ruwa ya bi huji ya fice. Da kina nan da na kira ki kin gani, kuma na san da cewa za ki yi in matsa in ba ki wuri.

Ba ya busarwa ƙarƙaf, kada in yi masa ƙarya. Kaya na fitowa da ɗan sanyi, amma in na baza su a ƙarƙashin rumfa, kafin azahar sun bushe ko da hadari. Babbar rigata ta shadda da na gwada ta fito a yamutse kamar an tauna, ban sake ba. Bargo kuma ya fi ƙarfinsa. Na tambayi Malam liman batun tsarki, ban ce masa kayan wane ne ba. Ya ce tsarki a ɗauraya yake, a zuba ruwa har najasa ta gushe, matsa kuwa ko da hannu ko da inji duk ɗaya ne. Don haka sau uku nake ɗaurayewa kafin in sa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wurin da siminti ya fi daidaita a gidan nan shi ne gindin itaccen dogon yaron nan, wanda magini ya ce in sare don a faɗaɗa rumfar mota. Can na ajiye injin. Ina tsaye ina jiran ya gama, sai idona ya faɗa a kan jikin itaccen. Daidai ƙugu akwai wani zobe, ɓawon ya goge ya yi santsi har yana sheƙi. Na sha ganinsa, na ɗauka igiyar akuya ce. Ran nan na tsaya na ce, yaushe rabon da a ɗaure akuya a nan? Kuma wace akuya ce ake ɗaurewa a tsayin ƙugun mutum? Na tambayi Saudatu. Sai ta gaya mini. A nan kike zagaya zane, ki haɗa bakunansa biyu, ki zura taɓarya ki yi ta murɗawa ke kaɗai.

Zanen gado mutum biyu ke matse shi, kowa ya kama baki ɗaya, wannan ya murɗa dama wancan ya murɗa hagu. Ko yaro ya san haka. Kuma na tuna, Rabi. Satin da Inna ta faɗi, da safe, ina cikin farar shadda, waya a kunnena, ana jirana wajen lodi. Kika miƙo mini bakin zane kika ce in kama miki. Na ce ni ba ɗan wankau ba ne, ki nemi mace. Ba ki sake tambaya ba. Ashe itace kika samu ya kama miki. Tsumman da kike ɗaure wuyan hannunki da shi na gani, na sayo miki man zafi daga Kwanni, na ɗauka na gama nawa. Kin yi fushi da ni a ranki? Ko kin daina sa rai ne kawai? Wanne ya fi muni, ban sani ba.

Na gwada da taɓaryarki sau ɗaya, don in ji. Yana matsuwa, kusan kamar injin. Kwana biyu ban iya ɗaga kafaɗa ba. Na kori maganar sare itaccen, mota ta kwana a waje.

Gyambon Inna ya kame, malamar ta ce ya fara haɗa fata. Sati uku ke nan ba ta taɓa danshi ba. Jiya da hantsi, bayan Saudatu ta canza mata shimfiɗa, Inna ta shafa zanen da hannunta mai lafiya, ta kai shi hanci. Ta ce yau kam hannun Rabi ne, ta san matsarki. Ta yi ta sa miki albarka, ta ce Allah ya ba ki Aljanna don ba ki taɓa kwantar da ita a kan sanyi ba. Saudatu ta dube ni tana jiran in gyara wa Inna zancen. Kin san ban iya barin wani ya ɗauki yabon aikina ba. Na buɗe baki, abin da ya fito amin ne.

Ki yafe mini, Rabi. Allah ya jiƙanki, ya sa ki huta, ya huta da hannuwan nan. Sai mun zo.

Mijinki,
Garba, wanda sai yanzu ya iya naɗin zane.