Ɓarawon Man Jar Motar Baba

Zuwa ga Yayana Umaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalin da na ji an ce ka yi a Ikko, ƙanwarka Saratu ce daga Gwandu. Ban san adireshinka ba, shi ya sa na rubuto ta inda kowa zai gani. Dama a gaban mutane aka kira ka ɓarawo, gara a wanke ka a gabansu.

Ka tuna jar motar Baba mai ƙofa biyu, wadda ya saya hannun Baturen makaranta da zai koma ƙasarsu? Kujera biyu kacal, a gidan mutum goma sha ɗaya. Har yanzu ban gane hikimar ba.

Ka tuna karan dawar da yake zurawa a tanki kowace safiya, tunda agogon mai ya mutu. Lokacin wahalar mai ne, sai an yi sa'a ake samun galan ɗaya a wurin 'yan bumburutu. Kullum mai na raguwa, mota kuwa ba ta je ko Masama ba. Kai kake wanke ta, kai ne mai sabon babur. Ka ce masa yoyo take yi. Ya ja ka ƙarƙashin rumfa ya nuna maka yashi fes, ko ɗigo babu.

Ni ce na ƙarasa ka. Na ce na ji ƙaurin fetur a rigarka. Ka san halina, ko kaza ta kalle ni sai na ce aiko ta aka yi. Baba ya faɗi kalmar nan a zaure, maƙwabta na ji. Washegari ka tafi, yau shekara bakwai ke nan.

Watan jiya wani ya zo daga Birnin Kebbi yana son motar, don idon Baba ya yi rauni. Muka kira Malam Garba, tsohon bakaniken nan na Kalgo, ya duba ta kafin a sayar. Ban yarda da shi ba, na ɗauko kujera na zauna kusa, kada ya cire mai kyau ya sa mana ruɓaɓɓe.

Bai taɓa komai ba tukuna. Ya nemi farantin tangaran ya tura ƙarƙashin inji, ya bi tiyon mai da yatsa tun daga tanki, ya ce lafiya lau yake. Sai ya murza makulli rabi, bai tada inji ba. Wani abu ya fara tik-tik daga baya. Ya ce famfon mai ne, kuma a lafiyayyar mota in kafireto, wato abin da ke ba inji mai, ya cika sai famfon ya yi shiru. Wannan bai yi shiru ba. Can sai ga mai na gangarowa ta wani siririn bututu, yana ɗiga a farantin.

Na ce wataƙila shi ya kwance wani abu. Ya yi dariya, ya buɗe ɗan kofin da ke gefen kafireton, ya ciro wani abu kamar goruba na jan ƙarfe. Shi ke yawo a saman mai, ya tura allura ta toshe hanya in kofin ya cika. Ya girgiza shi a kunnena, na ji mai a cikinsa. Ya huje, ya nutse, allurar ba ta rufewa.

Yaya, wa ke murza makulli rabi a gidanmu? Baba ne. A wancan lokacin, kullum bayan la'asar yakan zauna cikin motar ya kunna rediyonta yana jin labaran duniya har magariba. Mai na tsiyaya, yashi na sha. Da safe Inna ta share ƙarƙashin rumfar ta yayyafa ruwa kafin ya fito da karansa. Ƙaurin da yake ji kuwa, cewa yake alamar an buɗe tanki ce.

 Sai dai na lura Malam Garba bai yi mamaki ba, kuma bai yi dogon bincike ba. Na matsa masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ai na hwaɗi ma Alhaji wagga magana tun watan da yaron yat tahi. Shi yac ce in bar ta yadda take."

Ashe Baba ya sani. Shi ya sa tun daga lokacin ya koma jin labarai a ƙaramar rediyo, ni kuma ina cewa kewarka ce ta hana shi shiga motar.

Na same shi a zaure na tambaye shi, ban tauna ba. Ya ce, "Saratu, ban iya ba. Ubana bai taɓa ba ni haƙuri ba, ban san yadda aka yi nai ba."

Shi ba zai rubuto maka ba, na san shi. Ni dai na iya: ka yafe mini, Yayana. Na cuce ka, kuma ina kewarka ƙwarai. Inna ta tsufa, Baba ba ya gane fuska sai murya. Ko ba za ka ce masa komai ba, ka zo ka yi sallama a ƙofar zauren ya amsa.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya tsare ka da iyalinka, ya kawo ka ka iske su da rai. Amin.

Taka ƙanwa mai neman gafara,
Saratu