Kada Ka Kyautar da Kwalbar Nan

Zuwa ga mijina Ɗalhatu, inuwata a zafin Doha, ruwan sabuwar randa a maƙogwaron mai azumi, bangon da na jingina da shi shekara ashirin ban ji ya motsa ba. Amincin Allah ya same ka a filin wasa na Al Rayyan, inda aikin gasar ƙwallon duniya ya tsare mini kai.

Saƙonka ya iso, wai za ka ba abokin aikinka Lado turarenka, don matan da muke karatu tare a nan garin Al Wukair su daina cewa na kasa turara kayan mijina. Kada ka yi! Na hana, ni da ban saba hana ka komai ba.

Gaskiya ne Yaya Sanatu ta aiko da turaren wuta daga Maiduguri, ta ce macen da rigar mijinta ba ta ɗauke da hayaƙin kaskonta ba ta cika matar gida ba. Sau ɗaya na bi maganarta. Na kifa kwando a kan garwashi, na shimfiɗa rigarka ta Juma'a, ka fito da ƙamshin kowane namijin da ke cikin sahu. Na neme ka a rigarka, ban same ka ba.

Me suka sani game da 'yar kwalbar nan da ka sayo a ƙasar Suwidin? Turarenta ba ya cika ɗaki kamar al'ud na Larabawa, ba ya riga mai shi shiga. Farkonsa sanyi ne, irin na iskar da ke gaban hadari. Sai jiƙaƙƙen itace, sai siririn hayaƙin wutar da aka kashe da ruwa, can ƙasa kuma gishiri da sabuwar fata. Ƙamshi ne mai kunya, ba ya bayyana sai ga wanda ya matso. To wa ke da ikon matsowa in ba ni ba?

Ka tuna shekarar korona, da na kwaso cutar a asibitin da nake aiki. Wata biyar hancina a mace: daddawa, albasa, sabulu, duk ɗaya. Ban yi ƙorafi ba, amma na ji kamar an zare ni daga duniya. Rannan da la'asar ka sunkuyo kana gyara mini igiyar takunkumin fuska, wuyan hannunka ya gifta fuskata. Ya Rabbi! Sanyin nan, itacen nan! A tsakar kicin na faɗi na yi sujada, kana tsaye ba ka san dalili ba.

Na tuhumi kaina, ya hasken idona. Mace mai furfura a ƙarƙashin hijabi, ta kafe a kan turare? Na sha tambayar zuciyata bayan salla ko son duniya ne ya sake shiri ya dawo mini. Ban ga laifi ba. Ta wannan ƙofa Ubangiji ya mayar mini da ni'imar da ya karɓa, kuma ba zan ji kunyar halal don tsoron bakin mata ba.

Ranar Asabar zan je karatu, in faɗa musu da bakina cewa ni na zaɓi in daina turara kayanka. Su kira ni ragguwa. Zan amsa, in buɗe littafina.

Kai dai ka dawo mini kamar yadda ka tafi.

Taka a yau, taka har ranar da za a ɗauke ɗayanmu, mai roƙon a sake haɗa mu bayan nan,

Haulat