Na Cika wa Auta Kwalba

Litinin, 3 ga Maris

Yau na yi abin da ko akuya ba za ta yi ba. Ita akuya in ta yi ɓarna tafiyarta take yi, ba ta tsayawa gyara.

'Yata Auta ta kusa shekara tana haɗa wata tawadar alƙalami a ɗan teburin da ke lungun ɗakinta. In ka rubuta shuɗiya ce, in ta bushe ta koma baƙa, in ka karkata takardar wajen haske gefen haruffan ya yi sheƙin ja kamar wuyan tattabara. Ruwa ba ya wanke ta, na ga ta tsoma takarda a kofi ta ciro rubutun yana nan daram. Kuma ba ta toshe bakin alƙalami. Laraba ta sama za ta kai wa kamfanin tawada, in ta ci gwajinsu su ɗauke ta aiki. Kwalba ɗaya ce tak.

Ni kuwa mai rubuta sunaye a takardun shaida, ɗan aji huɗu, hannu kamar na alƙali, kai kamar na tulu. Shugaban wata makarantar ɗinki ya kawo takardar ɗalibar da ta zo ta ɗaya, wai yana son rubutun da ba a taɓa gani ba. Na ce ai a gidana ake haihuwarsa. Auta na fita na zuƙa daga kwalbarta alƙalamina ya cika, na rubuta sunan da shi. Kwalba ta sauka da faɗin yatsa. Sai na yi abin da muke yi a rumfa tun ina yaro: tawada in ta yi ƙasa, a cika ta da wata. Baƙi ai baƙi ne. Na tsiyaya tawa a kai, na girgiza, har ina yaba wa kaina.

Kafin la'asar ta yi gudaji kamar madarar da ta lalace.

Talata, 4 ga Maris

Ta gani. Ta ɗaga kwalbar wajen taga ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baba, me ka zuba?" Na ce, "Gudummawa ce, Farfesa." Ba ta yi dariya ba. Ta ce tawa tana da tsami, tata kuwa ba ta shiri da tsami ko kaɗan, rinin ya riga ya rabu da ruwan, ba mai komar da shi. Garin rinin ma malaminta ne ya zo mata da shi daga tafiya, ɗan tsunkule, ya ƙare.

Can sai fuskarta ta ɗan washe. "Alƙalamin da ka cika fa? Abin da ya rage a cikinsa mai kyau ne, ɗan ɗigo ma ya ishe su gwaji."

Jiya na wanke shi a famfo, tas, don kada ta gane. Na tsaya ina kallon shekararta tana bin rariya, ina murna na ɓatar da sawu.

Na faɗa mata. Ta ce, "To." Shi ke nan. Da zagi ta yi da na fi samun barci.

Alhamis, 6 ga Maris

Dabara ta zo mini: takardar shaidar. Rubutun yana kanta, in na aro ta Auta ta nuna musu. Na tafi makarantar ɗinki a ƙafa, ina ta tsara yadda zan shigo gida ina taƙama. Shugaban ya tarbe ni da fara'a, ya ce rubutun ya burge shi ƙwarai, shi ya sa ya sa aka manne takardar cikin leda da inji don kada ta lalace. Ya miƙo mini ita tana walƙiya kamar tire. Na karkata ta dama, na karkata ta hagu. Jan ya mutu a ƙarƙashin leda, kuma ba yadda za a jiƙa ta a gwada. Ya ce, "Lafiya, malam?" Na ce lafiya lau, wuyana nake motsawa.

Garin gyaran gira.

Asabar, 8 ga Maris

Ta tace gudajin da ƙyalle, ta sake tacewa da takarda. Abin da ya fito ruwan wankin tukunya.

Lahadi, 9 ga Maris

Mamanta ta tare ni a ƙofar kicin. "Baban Auta, ka ba yarinyar nan haƙuri?" Na ce na ba ta mana. Ta ce, "Ce mata ka yi ku sa wa abin suna tawada mai tsakuwa ku sayar wa magina. Wannan ne haƙurin?" Na ce ai don ta saki ranta ne. Ta ce shekara talatin take jiran ranar da zan buɗe baki ba wasa a ciki, ko ranar da aka yi mata aiki a asibiti sai da na tambayi likita ko akwai ragi in an haɗa da nawa cikin.

Gaskiyarta. Ni in abu ya yi mini nauyi, da dariya nake ɗaukarsa. Ban san wani hannun ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ta tafi da hotuna a waya da bayanin haɗin a takarda. Na goge mata takalmi, ba ta lura ba, ko ta lura. Na rufe rumfa na zauna a tasha ina ƙirga motocin da ba ta ciki.

Ta sauko da azahar. Sun ce bayanin ya yi kyau, amma su tawada suke gwadawa, ba labarinta ba. Sun ɗauki wani saurayi da tasa ke haske cikin duhu. Wai ta sake nema in gurbi ya buɗe, ba su san yaushe ba.

Mun taho gida a jere. Barkwanci uku suka zo mini a hanya, ɗaya ma mai kyau ne. Na saki ɗayan. Allah ya shirye ni.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai gyaran agogon da ke rumfar kusa da tawa ya ji labari. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce masa, "Ka riƙe kwalbarka da kyau, ga injiniya nan." Na yi dariya tare da su, har na ƙara musu gishiri.

Aiki ɗaya na samu yau. Yanzu inji ke buga sunaye, ya fi ni sauri kuma ba ya tambayar yadda ake rubuta suna. Da ina cewa sana'ar alƙalami a kaina za ta mutu a gidanmu, sai ga yarinya ta ɗauke ta ta kai inda ban san akwai ba. Ni kuma duk shekarar nan "ruwan kala" nake ce wa abin. Ban taɓa ce mata ya yi kyau ba. Sata ce kawai yabon da na iya.

Talata, 25 ga Maris

Ta kama aiki a shagon fenti, tana haɗa wa mutane launin bango. Ta kwashe kwalabe da ɗan sikelinta ta zuba a kwali, ta ajiye a baranda. Teburin yanzu kayan guga ne a kai.

Tana gaishe ni safe da yamma, har da rusunawa. Da "Babban Magatakarda" take ce mini, tana ƙwace mini alƙalami ta ce na bar shi da datti. Yanzu Baba, ina kwana, Baba, sannu da gida. Ladabi kamar na 'yar maƙwabta.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Kwalin nan yana tare hanya, shi ya sa na buɗe shi, ba wani abu ba. Tunda na buɗe sai na dafa kwalaben a ruwan zafi yadda na ga tana yi, na kife su suka bushe. Na sayo tataccen ruwa a kemis, ai ba tsada. Na kwashe kayan gugar, na jera kwalaben a teburin. Ranar Alhamis hanya ta bi da ni ta wajen malaminta, mota biyu, na tambayi garin rinin. Ya ce sai wanda zai yi tafiya, watakila bayan watanni. Na ce ina nan, ba inda za ni.

A rumfa tawada ta yi ƙasa jiya. Na bar ta a ƙasan.

Da safe ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana kallon teburin. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta duba a haske, ta ce, "Wannan ba ta bushe ba," ta sake kife ta. Ba ta mayar da su kwali ba. Sannan ta juyo ta dube ni, ta jira. Na buɗe baki. Wasa ya taho har bakin haƙora, na haɗiye shi. Na laluba bayansa, ba komai. Ta ɗan ƙara jira, ta ɗauki jakarta ta tafi shago.

Ki yafe mini, Auta. A takarda ga shi ya fito sumul, har da lanƙwasa a wutsiyar harafi. Da baki take bina shi, kuma ban biya ba.