Karen da ya hana mu sauka besmen

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Litinin, domin raina a ɓace yake, kuma ba na son in yanke hukunci cikin fushi.

Na daɗe ina haya a unguwar Bronx kusa da titin Concourse, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku. Bana Allah Ya hore, muka sami gida mai hawa biyu ta hannun wani dillali ɗan uwanmu Bahaushe, wanda sahu ɗaya muke tsayawa da shi ranar Juma'a. Lauyata ta ce kada in sa hannu a kwantiragi sai na kawo inspekta mai lasisin jiha, ya duba gidan daga rufi har ƙasa, ya ba da rahoto a rubuce. Da na faɗa a gida, sai maiɗakina ta ce ai ga Yaya Alhaji. Wanta ne, shi ne waliyyinta ranar ɗaurin aurenmu, kuma supa ne, wato mai kula da gini, a wani bene, yana gyaran famfo da boila, tukunyar ɗumama gida da ruwa. Ya kira ni da kansa ya ce, “Malam, ina raye za ka kawo bare ya duba wa ƙanwata gida?” Kunya ta hana ni tambayarsa ko yana da lasisi. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Ranar Asabar ya zo cikin farar babbar riga, daga nan walimar suna zai wuce. Ya buɗe famfuna, ya ƙwanƙwasa bango da makullin mota, ya ɗauko waya ya duba alƙibla ya ce ban-ɗaki bai fuskance ta ba, alhamdu lillahi. Ni kuma ina bin sa da ɗan littafina ina rubuta abin da ya faɗa da ajami. Da muka zo ƙofar besmen, wato ɗakin ƙasa inda boila take, sai dillali ya ce mai gidan ya kulle karensa a ciki, ƙaton gaske, yana lasar mutane. Yaya Alhaji ya ja da baya ya ce shi da alwalarsa da fararen kayansa ba zai shiga wurin kare ba. Ni ma da alwala nake, na bi bayansa. Muka yi addu'a a falo, muka shafa, ya ce gida lafiya lau.

Lauya ta nemi rahoto, na nuna mata shafin littafina. Ta dube shi, ta dube ni, ta tambaya wa ya sauka ƙasa. Na ce ba kowa.

Shekaranjiya muka koma auna tagogi saboda labule, na tarar da ƙofar besmen a buɗe, na sauka. Warin danshi ne ya fara tare ni. An yi sabon fenti iya gwiwa kawai, amma bayan boila inda burushi bai kai ba ga shatin ruwa nan baƙi a jikin bango, ƙafafun boilar duk tsatsa. Da na fito na gaida wata dattijuwa maƙwabciya, ta ce duk ruwan sama mai ƙarfi sai an kawo inji an zuƙe ruwa daga gidan nan. Na tambaye ta kare, ta ce ita ba ta taɓa jin haushi daga wannan gida ba.

Jama'a, dillalin nan ya san mu. Ya san abin da zai faɗa wa Musulmi biyu masu alwala su juya da ƙafarsu. Da addininmu ya rufe mana ƙofa. Da na kira shi, ya rantse ya ce haka aka gaya masa, wai kuma akwai wani mai saye yana jira, in ban sa hannu Litinin ba gida ya tafi. Har da ba ni lambar wani inspekta “nasa”. Na ce ya riƙe abinsa.

Na nemo mai lasisi da kaina. Labari ya kai wa Yaya Alhaji, ya ce na mayar da shi jahili a idon jama'a, kuma in har wani ya shiga gidan bayansa, shi ƙafarsa ba za ta taka shi ba, ko ranar auren 'yata. Na ce da maiɗakina wanki da guga na rigarsa ya fi masa muhimmanci a kan inda ƙanwarsa za ta kwana. Na san maganar ta yi zafi, amma ban janye ba. Kwana biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita.

Masu gida a garin nan, me kuke tambayar inspekta kafin ku yarda da shi, ban da lasisi da inshora? Shi kuma dillalin, in kai ƙararsa wurin liman ko in bar shi da Allah? Sannan babbar tambayata: in kawo baƙon in rasa suruki, ko in sa hannu in zuba 'ya'yana a kan ruwa don kada ran Alhaji ya ɓaci?