Shekarar da Rowland Ya Kasa Sauka Lambu

Litinin, 28 ga Janairu

Sun fito. Na gan su da safe da na je zubar da tokar murhu, 'yan fararen kawuna a sunkuye gindin shinge, ƙasa kuwa a daskare. Furen ɗigon-ƙanƙara ke nan, shi ne ke riga kowa fitowa. Ni dai ban ji komai ba sai ciwon baya.

Ivor Penhale ya bugo waya. Shi ne shugaban ƙungiyar masoya furen a nan yankin Shropshire na Ingila, abokin mijina Rowland kuma abokin gardamarsa. Wai taron bana yana nan a lambunmu kamar kullum? Na ce, Ivor, mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye tun kaka, ko ka manta? Ya ce ai saboda shi ma ya kamata a yi. "Uwargida Hester, ke dai miya kawai, sauran namu ne." Haka suke faɗa duk shekara. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ya ɗauka e ne.

Laraba, 30 ga Janairu

Kalma ɗaya ce ta rage a bakin Rowland: Talata. Shayi, Talata. Bayan gida, Talata. In ya fusata, Talata da ƙarfi, yana buga sanda a ƙasa. Likita ya ce haka cutar take yi wa wasu, kan yana nan lafiya, hanyar maganar ce ta toshe. Mutumin da a da sai ya yi awa yana bayani a kan ganye ɗaya.

Na yi masa aski, na yanke shi a haɓa. Bai ko motsa ba.

Juma'a, 1 ga Fabrairu

'Yarmu Cressida ta kira daga Bristol. Ta samo mana gida kusa da nata, hawan ƙasa, babu matakala, asibiti a bayan layi. "Mama, ba za ki iya ba. Kin ga hannuwanki kuwa?" Na ce na gani, ai a jikina suke. Na amince a sa wannan gidan a kasuwa in bazara ta shigo. Da na ajiye wayar sai na ji sakayau, kamar an sauke mini kaya. Lambun nan bai taɓa zama nawa ba. Tun Cressida tana goye nake dafa wa mutanensa miya, ina goge taɓon takalmansu, ban taɓa iya bambance furen nan da wancan ba. Duk farare ne, duk a sunkuye.

Ban gaya masa ba tukuna.

Lahadi, 3 ga Fabrairu

Ruwan sama. Ban je coci ba.

Talata, 5 ga Fabrairu

Yau dai maganarsa ta yi daidai. Na ce masa, "Tsoho, ka canka." Ya yi wannan dariyar tasa ta gefe ɗaya, yawu ya zubo, na goge.

Ya wuni a bakin taga yana kallon itacen tuffa. Na san abin da yake nema. A gindinsa furen nan nasa yake, wanda ya tsinta cikin na gama-gari shekarun baya, cikinsa da ɗigon rawaya maimakon kore. Ya raine shi har ya yi curi guda. Bai raɗa masa suna ba, bai ba kowa ko ɗaya daga albasar saiwarsa ba. Ivor ya roƙa har ya gaji. Daga taga ba a hango shi, shinge ya tare, ƙofar baya kuma ga matakala, keken guragu ba ya sauka.

Ya nuna mini da sanda. Na ce, "Yana nan lafiya." Ban je na duba ba.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Beryl, ƙanwar Rowland, ta iso da kek da baki. Muna feraye dankali ta ce ina za a ajiye yayanta ranar taro. Na ce a falo, bakin taga, ƙofa a rufe, saboda sanyi da hayaniya.

"Ɓoye shi za ki yi ke nan."

Na ce ba ita ke goge masa baki ba. Ba na so su gan shi haka, su riƙa yi masa magana da ƙarfi kamar kurma. Ta ce, "Ke ce ba kya so, ko shi?" Na ce ta kula da dankalinta, tana cire rabinsa tare da ɓawo.

Ƙafafuna sun kumbura. Gobe zan gasa burodi, jibi taro.

Lahadi, 10 ga Fabrairu

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Sun zo da hantsi, motoci har bakin coci, ana yayyafi. Tsofaffi cikin takalman ruwa da hulunan ulu, kowa da ɗan madubinsa na leƙa cikin fure. Kafin in ɗora ruwan shayi sun bazu, sun durƙusa a taɓo, ɗuwawu sama. Wata da ban sani ba ta tambaye ni ko ni ce mai aikin gidan. Na ce ƙwarai kuwa.

Ivor ya nemi ya shiga ya gaida Rowland. Na ce yana hutawa, sai an jima. Ya dube ni, ya fita.

Ina cikin raba miya na ji ƙara daga baya, kamar buhu ya faɗi. Na fita da ludayi a hannu. Rowland ne kwance a ƙasan matakala, fuska a tsakuwa, keken a kife a gefensa. Da hannu ɗaya ya tura kansa daga falo, ya ratsa lungu, ya buɗe ƙofar baya. Yadda ya yi ban sani ba. Goshinsa ya fashe, jini har cikin ido.

Ihun da na yi ban san ina da shi ba.

Cikin baƙin akwai wata tsohuwar likita, ta duba shi a nan ƙasa, ta ce ƙashi bai karye ba, ta ɗaure goshin. Muka ɗaga shi, muka mayar cikin keke. Na kama zan juya da shi ciki, sai ya riƙe ƙarfen matakala da hannunsa mai lafiya. Na ja, ya ƙi. Na ce, "Rowland, don Allah." Ya dube ni, irin kallon da rabona da shi tun kafin ciwon. Ya ce, "Talata," a hankali.

Ivor ya tsuguna gabansa. "Tsohon marowaci, abin naka kake so ka gani, ko? Tsoro kake kada in sace?" Ya kira mutum uku. Ƙafafun keken sun nutse a taɓo, sai suka ɗauke shi cak, shi da keken. Tsofaffi huɗu, ba wanda gwiwarsa ke da lafiya, suna nishi suna zagin juna. "Ɗaga naka gefen mana!" "Ni na ce ya ci kek ɗin Beryl?" Ni ina biye da bargo, ina kuka ina masifa.

Suka ajiye shi gindin tuffa. Furen ya buɗe. Rowland ya miƙa kan sandarsa, ya ɗaga fure ɗaya, rawayan ya bayyana. Ya daɗe yana kallo.

Ivor ya ce, "To, malam, shekara da shekaru kana ja mana rai. Ga jama'a sun taru. Mene ne sunansa?"

Na so in shaƙe Ivor. Rowland ya buɗe baki, ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi. Wata kalma yake nema, na gani. Abin da ya fito shi ne abin da ke fitowa kullum.

Sai Ivor ya cire hula ya ce, "Talata. Suna ya raɗu. Wanda ya kira shi da wani suna, ni da shi." Wani ya fashe da dariya, sai kowa. Rowland ma, har kafaɗarsa na girgiza, yawu yana zuba a kan bargo, ba wanda ya kawar da kai. Beryl ce ta goge masa.

Miyar ta kama a tukunya. Sun shanye ta haka nan.

Litinin, 11 ga Fabrairu

Zazzaɓi. Ƙirjinsa yana ƙugi. Likita ya zo, ya ce sanyi ne ya shige shi, in bai sauka ba sai asibiti.

Cressida ta yi mini tatas a waya. "A ruwa, Mama? Mutumin da ba ya iya tari sosai? Saboda fure?" Ban kare kaina ba. Ban san wanne ne laifin ba, rufe shi da na yi ko barinsa a waje.

Laraba, 13 ga Fabrairu

Bai ci komai ba. Ko Talatar ma bai ce ba. Ban san zan yi kewarta ba.

Ina wanke tukwanen Asabar har yau.

Juma'a, 15 ga Fabrairu

Zazzaɓin ya sauka da safe. Ya sha kunun alkama rabin kwano, ya ture sauran, ya harare ni saboda babu sukari. Na zauna a kujera na yi barci da cokali a hannu.

Da na farka na gaya masa maganar gidan Bristol. Duka, ban rage ba. Ya saurara. Bai buga sanda ba, ya juya fuska wajen taga. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 20 ga Fabrairu

Ivor ya zo da lemo, hula a hannu, kamar yaron da ya fasa tulu. Ya ce ya zo a zage shi. Na ce na gaji, ya zagi kansa a hanya.

Ya zauna wajen Rowland, ya yi masa magana yadda suka saba, ba lallashi. Ya ce curi ɗaya a wuri ɗaya hatsari ne, tsutsa ɗaya ta shiga albasar shi ke nan an yi asara, balle ga maganar sayar da gida. A raba shi yanzu tun ganyen yana kore. "Ni zan tone maka, ba sai ka gode ba."

Rowland ya buga sanda. A'a ke nan. Sai ya ɗaga ta ya nuna ni.

Na ce, ni? Ni da ban san kansa da gindinsa ba? Ya sake nunawa.

Na je na tone, Ivor yana tsaye a kaina yana "a hankali, uwargida, ba dankali ba ne." Na kawo curin a tire har falo, da ƙasarsa da tanarsa, na ajiye a cinyar Rowland. Ya riƙa taɓa inda zan ɓare, ina ɓarewa. 'Yan albasan suna rabuwa da wata 'yar ƙara, ban taɓa sani ba. Ya zaɓi mafi ƙanƙanta duka, ya tura wa Ivor da yatsa. Ivor ya ce, "Ko a bakin kabari ba za ka daina rowa ba," ya naɗe ta a hankici, ya fita da sauri, wai ya bar mota a buɗe. Ina ganinsa ta taga yana share ido.

Sauran na mayar ƙasa, wuri uku. Gwiwata ta ƙi miƙewa, sai da na dafa itacen.

Asabar, 23 ga Fabrairu

Na gaji. Ƙasa ta ƙi fita daga farcena.

Alhamis, 28 ga Fabrairu

Kafinta ya zo ya auna ƙofar baya. Gangarar katako zai yi a kan matakalar, sannan ya shimfiɗa allunan dutse daga nan har gindin tuffa, faɗin keke. Ya ce ya ji a gari wai sayar da gidan za mu yi, me zai sa a yi wannan aiki? Na ce masu saye ma za su tsufa.

Ya ce allunan sai ƙarshen Maris. Na ce ba sauri.

Cressida ta kira sau biyu, dillalin gidaje yana son ranar da zai zo ɗaukar hoto. Na ce zan duba. Ban ambaci kafinta ba, magana ce ba ta kawo ba.

Rowland ya yi ta kallon mutumin yana awo. Da ya tafi, ya kamo gefen rigata da hannunsa mai lafiya, ya riƙe. Na ce, "Sake ni, tsoho, ruwan shayi zai ƙone." Bai saki ba. Na bar shi ya ƙone.