Finjalin da Aka Karɓe wa Baba a Hasik

Zuwa ga ƙanena Mazin,

Assalamu alaikum. Ina fatan sanyin Kanada bai taɓa lafiyarka ba, Allah ya ƙara maka ita, da kai da iyalinka. Mu nan jikin Baba sai godiya.

Ka tuna abin da ka faɗa a asibiti bara, hannunka kan ƙirjinka? Ka ce da zarar zafi ya sauka za ka zo, ka ɗaura wa mota ɗakin nan mai tayoyi, ka bi da Baba gaɓar teku tun daga Maskat har Hasik, garin da aka yanke masa cibi. Zafi ya sauka, Mazin. Kai ne ba ka sauka ba. Sai saƙon murya, wai aiki ya yi yawa, wai Yaya ta yi haƙuri. Na karanta tarihin sarakunan da suka bar yaƙi don jana'izar uwa, ban taɓa cin karo da wanda taron ofis ya riƙe ba sai kai.

Da likita ya ce kada mu jira baɗi, ni da 'yata Ruwaida muka ɗaura ɗakin da kanmu, muna karɓa-karɓar tuƙi. Baba ya ji daɗin hanya. A Dukum ya sa muka tsaya inda ake shanya kifi, ya ce wannan warin da muke toshe wa hanci shi ya biya mana kuɗin makaranta. A Shuwaimiya ya tsoma ƙafa a ruwa, ya ce teku ta yi ɗumi kamar ta san da zuwansa. Ka san rawar hannunsa ta ƙaru, maganarsa ma sai wanda ya saba da ita. Ni nake riƙe masa kofi, ni nake fassara shi.

A Hasik muka sauka gidan Musallam, abokinsa na kwale-kwale. Aka shigar da mu wajen mata, Baba kuma aka kai shi zauren maza, inda ƙafata ba ta zuwa. Ya sa farar rigarsa, ya sha turaren lubban, ya shiga shi kaɗai. Surukin Musallam ya zuba masa gahawa. Baba ya kurɓa, ya miƙa finjali don a ƙara, hannun ya yi ta kaɗawa. Mutumin ya ga an girgiza finjali, wato an ƙoshi, sai ya karɓe ya wuce na gaba. Baba ya yi magana, ba wanda ya gane, suka yi ta gyaɗa kai suna cewa madalla. Da aka sake zagayowa da buta, haka aka kuma. Har suka yi ta tsokanarsa, wai zaman birni ya sa ya raina gahawar ƙauye.

Ba laifinsu ba ne. Ɗa ake bukata a gefensa, ya ce a ƙara wa tsoho, ciwo ne ba ƙoshi ba. Kalma ɗaya, Mazin. Tun da mijina ya rasu, kai kaɗai ne namijin da zai iya zama a wurin.

Ya fito da hantsi, ya shige ɗakinmu mai tayoyi ya ja labulen tagar da ke kallon teku. Bai sake buɗe shi ba. Musallam ya zo ya yi ta sallama, Baba ya ce in ce barci yake. Jiya ya tambaye ni ko mutum zai iya zama baƙo a garinsu.

Ka gaishe min da matarka Ahlam, da Yazan da ƙaramar Rima. Ruwaida tana gaida kawunta, ko da yake sai da na matsa mata.

Muna nan bakin ruwa har Juma'ar sama. A ranar ce Musallam zai tara sauran tsofaffin masunta domin Baba, kuma likita bai ba ni dalilin sa ran wani taron ba. Jirgi na sauka Salala, birni mafi kusa da mu, kullum. In ka zo, ba zan ƙara tayar da maganar nan ba. In ba ka zo ba, zan yafa mayafina in shiga zauren, in zauna a daman Baba in riƙe masa finjali har ya ƙoshi. Su yi ta magana har Maskat. In kuma sun tambayi ina ɗansa, zan bar su da shirun da ka bar shi da shi.

Yayarka,
Zuwaina